Hoton Umman Mitsila

Hasken da ke rage wa barandarsu bayan rana ta shige bayan dogon benen tsallaken titi ba ya wuce minti goma sha bakwai. Su biyun sun san haka ba sai sun duba agogo ba, don shekara bakwai ke nan da irin wannan hasken suke ci suke sha. Shi mai hoto ne. Ita matarsa ce, kuma ita ce mai riƙe masa faifan haske, wani zagayayyen ƙyalle mai ƙyalli kamar azurfa da ake taro haske da shi a mayar wa fuskar wanda ake ɗauka.

A unguwa ba a kiransa da komai sai Kar-ki-motsa, saboda maganar da ba ta barin bakinsa a wajen aiki. Ita ta laƙa masa sunan tun kafin ya aure ta, ranar da ta raka ƙawarta shagonsa, ya miƙo mata faifan ya ce ta ɗan riƙe masa na minti ɗaya. Takan ce har yau minti ɗayan bai cika ba.

A kwamfutarsa akwai fuskoki sun fi dubu arba'in: amare, 'yan makaranta, tsofaffi masu neman fasfo, jarirai da aka kama a tsakiyar hamma. Tana cikin kusan kowanne, kuma ba ta cikin ko ɗaya. Wani wuri gefen hannun rigarta ne, wani wuri inuwarta a kan siminti. In ka jawo ɗigon farin da ke ƙwayar idon wata amarya sosai, za ka ga siffar mace ta ɗaga hannu biyu sama. Hotunan aurensu suna nan, sai dai kwalliyar ranar ta mayar da ita wata mace daban, ita kanta cewa take yi ba ta san wannan baiwar Allah ba. Na waya kuwa, tun farko ya ce mata waɗannan ba hotuna ba ne, ita ma da idonta ya buɗe a sana'ar sai ta fi shi raina su, tana ɗauka tana gogewa.

Ranar Laraba likita ya ce an samu gado a asibiti, ta zo da jakarta Litinin da safe. Ya ce ba a shiga da yara ɗakin da za a kwantar da ita. Da yayarta ta tambayi kwana nawa za a yi, sai ya duba takardar gabansa, ya gyara wa bironsa zama. Mai hoton yana tsaye a bakin ƙofa yana jin maganar kamar rediyon maƙwabta. Abin da ya lura da shi kawai, ƙwan lantarkin ofishin yana ƙifce-ƙifce, da za a ɗauki hoto a nan da ya fito da layi-layi.

A mota, kan hanyar gida, ta jingina kanta da gilashi ta ce, “Malam, ina son hoto.”

“Na fasfo?”

“Na bango. Na Mitsila.”

Mitsila ita ce 'yarsu, ita kaɗai, shekararta uku da wata biyar. Tana barci a cinyar Yaya a kujerar baya, takalminta ɗaya a ƙafa ɗaya a hannu. Matar ta ce yaro mai shekara uku ba ya riƙe fuska, ita ma ba ta tuna ta kakarta da ta goye ta. Tana son wanda yarinyar za ta riƙa gani kullum, ta san wannan ce uwarta. Ba ta ce har sai ta dawo ba, shi ma bai ce ba.

Sharuɗɗanta na mai sana'a ne. Ba filasha, don tana sara mata kai, kuma tana tona duk ramin da ciwo ya haƙa a fuska. Ba da rana ba, rana ba ta da sirri, ga shi maganin da take sha ba ya sakinta sai yamma liƙis. Ƙwan ɗaki kuma ƙara mata rawaya zai yi a kan wadda take da ita. Saura hasken baranda, wannan mai laushin da suke ajiye wa amaren da suka fi so. Ya ƙirga a ransa: Laraba ta riga ta tafi a hanya, saura yamma huɗu.

Ranar Alhamis Yaya ce ta riƙe faifan. Mace ce mai jiki da murya, malamar makaranta, ta baro gidanta ta tare wajensu tun da ciwon ya yi ƙarfi. Ta riƙe shi kamar za ta fifita wuta. Ƙanwar tana zaune a kujerar roba, an sa mata matashi a baya, tana ba da umarni: a sauke, a karkata, ba idona za ki haska ba Yaya, ƙarƙashin haɓa. Yaya ta ce ita fa allo ta iya riƙewa, kuma shekara bakwai ana ɗaga wannan murfin tukunyar ba albashi, dole mutum ya kwanta asibiti. Ta juyo wajen mijin ta ce ƙanina, in an gama wannan za mu zauna ni da kai a kan haƙƙin ma'aikata.

Matar ta yi dariya, dariyar ta zama tari, tarin ya koma dariya. Ya danna sau huɗu a ciki.

Sai ya yi abin da hannunsa ya saba tun yana ɗan koyo. Ya juyo da bayan kyamara, ya jawo hoton har ido ɗaya ya cika allon. Tsohon da ya koya masa aiki doka ɗaya ya bar masa: a duba ido. In gashin ido bai rabu ɗaya-ɗaya ba, hoto bai ɗauku ba, a goge shi nan take kafin mai shi ya gani ya ce yana so, gobe a rataya shi a falo a ce aikin wane ne. Idon ya fito dishi-dishi. Babban yatsansa ya danna madannin shara, ya danna e.

“Kai, wannan ai ya yi kyau,” in ji Yaya, tana leƙowa ta kafaɗarsa.

Kafin ta rufe baki na huɗun ma ya tafi.

Matsalar ba ɓoyayya ba ce. In haske ya yi ƙaranci, mutum yakan buɗe idon kyamara iyakar buɗewarsa, wannan ya riga ya yi. Daga nan sai dai ya bar idon a buɗe ya ɗan jima yana shan haske, a cikin wannan ɗan lokacin kuwa ko numfashi aka ja sai fuska ta shafe. Akwai kuma wata lamba da ake ɗagawa, kyamara ta ƙara saurin jin haske, hoto ya tsaya cak ko mutum yana motsi, amma ya fito da tsaki-tsaki kamar an yayyafa masa yashi. Kyamararsa tsohuwa ce, ba ta jure wannan lambar. Ya ɗan taɓa madannin da yatsa, matar ta gani daga inda take.

“Kar ka ɗaga,” ta ce. “Ba za ka rataya min fuska da yashi a ɗakin 'yata ba. Na wasu ma ba mu yi musu haka ba.”

Ya janye yatsan. Sun ɗauki ashirin da shida a ranar, sun shiga ɗaki ba ko ɗaya. Ya naɗe faifan yadda take naɗewa, bai naɗu ba, ta karɓa ta murɗa shi sau ɗaya ya koma ƙaramin zobe.

Ranar Juma'a sama ta yi garau, hasken ya zo kamar zuma. Matar ta tashi da ɗan ƙarfi, ta sa rigar nan mai ruwan ƙasa da ya saya mata shekarar da suka buɗe sabon shago, wadda yanzu kafaɗunta suke zamewa. Ya kafa kyamara a kan mai ƙafa uku don ya cire rawar hannunsa daga lissafi. Yaya ta fara gane karkatar faifan. Da komai zai tafi daidai, sai ga Mitsila ta fito da cokali a baki, ta haye cinyar uwar ba sallama.

Aka ce ta sauka, ta ƙi. Ta kama kunnen uwar tana raɗa mata wani dogon labari a kan ƙadangaren da ta gani a banɗaki. Uwar tana tambayarta ko ya gaishe ta, ko yana da takalmi, yarinyar tana amsawa da gaske. Ɗankwalin ya zame baya. Bai ce kar ki motsa ba. Ya yi ta dannawa kawai, kamar mai ƙirga kuɗin da ba nasa ba.

Da hasken ya fara shuɗi ya juyo da allon ya fara bi ɗaya bayan ɗaya. Shara, e. Shara, e. A na goma sha wani abu yatsansa ya tsaya. A hoton uwar ta juyo rabi wajen yarinyar, bakinta a buɗe a tsakiyar kalma, girarta ɗaya a ɗage yadda take yi in ana faɗa mata ƙarya mai daɗi. Fuskar ta ja kamar an shafa ɗanyen fenti da gefen hannu. Ba gashin ido, ba ma ƙwayar idon sosai. Ya tsaya yana kallo. Bai ji komai a ƙirjinsa ba, sai dai yatsan ya ƙi sauka.

“Ido ya fito?” ta tambaya daga kujera.

“A'a.”

“To me kake jira, Malam Kar-ki-motsa?”

Ya danna.

Ranar Asabar yana da aikin da ya karɓa tun wata biyu, yaye ɗalibai a wata kwaleji a ƙarshen gari. Ya so ya tura wani, ta ce ya tafi, sunan shago ba ya jinya. Da safe ya goge hotunan da ke katin kyamara fes kamar yadda yake yi kafin kowane aiki, ya cika shi da samari da 'yan mata ɗari uku masu manyan riguna da huluna masu lebatu. Duk idanunsu sun fito. A hanyar dawowa wata babbar mota ta mutu a kan gada, ya zauna a cunkoso yana kallon hasken yana sauka a kan rufin motoci, ya yi ja, ya yi toka, ya ɗauke. Ya duba agogo, minti goma sha bakwai cif. Da ya iso ya tarar da ita a baranda cikin rigar, Yaya ta ce tun biyar take zaune, ta hana a kunna fitila.

Ba wanda ya yi wa wani faɗa. Ya kama ta suka shiga ciki.

Ranar Lahadi suka yi aikin yadda masu aiki suke yi. Ita ta tsara komai tun tana kwance. Yaya za ta sauka da Mitsila ƙasa wajen mai shagon kusurwa, kada su hawo sai an kira su. Faifan za a jingina shi da kujera a danne da littattafai biyu, littafi ba ya gajiya, ba ya ba da labari. Za a matsar da kujerarta jikin bango ta manna ƙeyarta, a cusa ƙaramin tawul a bayan wuya inda kyamara ba ta gani. Shi kuma ba zai taɓa kyamarar ba, zai sa mata ƙirgen daƙiƙa biyu ya janye hannu.

Yaya ta tsaya a bakin ƙofa da yarinyar a kafaɗa, ta ce ita dai ba ta gane ba, hoto za a ɗauka ko haƙori za a cire. Sannan ta sauka.

Barandar ta yi tsit. A ƙasa ana jin mai gyaran babur yana buga ƙarfe, wata mata tana kiran ɗanta. Ya leƙa ta cikin kyamara ya daidaita a kan idonta na hagu. Shekara bakwai yana ganin wannan idon a gefe, tana jiran ya ɗaga mata kai ya ce hasken ya zauna, bai taɓa ganinsa garau haka a tsakiyar gilashi shi kaɗai ba. Akwai wani ɗan ɗigo baƙi a cikin farin, kusa da hanci. Bai san da shi ba.

Rabin daƙiƙa ake bukata, ya gaya mata. Ta ce ta sani. Murmushi ba zai yiwu ba, sun gwada, gefen bakinta rawa yake yi in ta riƙe shi. Don haka ta haɗe leɓɓanta, ta buɗe ido sosai don kada ƙiftawa ta zo, ta ja numfashi ta riƙe. Ya danna ya ɗauke hannu. Ƙaramar fitilar kyamara ta ƙifta, ta ƙifta, sannan aka ji ƙaras, shiru, ƙaras.

Na farko tari ya ɓata shi. Na biyu ta ƙifta. A na biyar, lokacin da hasken ya kusa ƙarewa, ya jawo idon har ya cika allo, ya ga gashin idon a jere, kowanne da kansa, har da guda ɗaya da ya lanƙwashe ya bar 'yan'uwansa. Ba yashi ko ƙwaya. Fatar ta yi sumul, ramin kumatun ya cike da hasken faifai. Ya kai mata ta gani. Ta karɓi kyamarar da hannu biyu, ta jawo, ta duba kusurwa huɗu kamar yadda take duba na mutane.

“Ya fito,” ta ce.

“Ya fito.”

“To kira su. Cire min tawul ɗin nan, wuyana ya ƙage.”

Litinin da safe ya kai ta. Aka karɓi jakarta, aka ba ta riga mai igiya a baya, aka ce masa lokacin ziyara daga biyar zuwa shida da rabi. Daga asibitin shago ya wuce. Ya wanke hoton babba, a takarda mafi kyau da yake da ita, ya sa masa gilashi da katako baƙi siriri. Mai ɗinkin da ke maƙwabtaka da shagon ya leƙo ya ce kai, wannan aiki ya yi, kamar ka yi mata magana ta amsa. Ya ce masa na gode.

Ya buga ƙusar a ƙasa-ƙasa, daidai tsayin yarinyar, kusa da katifarta. Yaya ta durƙusa ta tambaye ta wace ce wannan. Mitsila ta duba, ta ce Umma. Aka ce ta gaishe ta, ta gaishe ta. Ta sa yatsa a gilashin ta bar tabon mai, ta koma wajen cokulanta. Yaya ta share ido da bakin mayafi ta ce alhamdulillahi, wahalar ba ta tafi a banza ba.

Kwanaki suka riƙa wucewa iri ɗaya. Shago da safe, asibiti da yamma, gida. Kwana uku na farko yarinyar ta yi ta tambayar yaushe Umma za ta dawo, daga baya ta rage, ta koma gaida hoton da safe ba sai an ce mata ba. Yakan ci abin da Yaya ta ajiye masa bai san me ya ci ba.

A rana ta tara, yana ɗaure igiyar takalmi zai fita ziyara, ya ji Yaya tana dariya a ɗaki tana kiransa ya zo ya ga ikon Allah. Ya leƙa. Mitsila tana tsaye a gaban hoton, ta manna bayanta da gefen gado. Ta haɗe leɓɓanta gam, ta zare ido, ƙirjinta ya cika bai sauka ba. Fuskarta ta fara canza launi kafin ta saki numfashin da ƙarfi.

“Sake yi wa Abba,” in ji Yaya. “Ya Umma take yi?”

Yarinyar ta sake haɗe baki, ta zare ido, ta daskare.

Yaya ta ce tun jiya take wannan, da an ce Umma sai ta ƙame kamar soja, yaran yanzu sai addu'a. Ya ce e. Ya koma falo ya ɗauki kyamarar daga jaka, ya kunna, ya fara komawa baya. Ya san abin da zai gani. Hoto biyar na Lahadi, huɗu ma ya goge, saura ɗaya. Kafin shi wani saurayi da hula mai lebatu yana dariya da haƙora duka, kafin shi wata yarinya rungume da mahaifinta, kafin ita wani, kafin shi wata. Ya bi su har ɗari uku, allon ya dawo da shi kan na Lahadi. Ya kashe, ya mayar jaka, ya ƙarasa ɗaure takalmin.

Gadonta na kusa da taga. Lokacin da ya shiga hasken ya riga ya fara laushi, ya kwanta a gefen fuskarta, wajen da ba a maƙala mata tiyo ba. Ta rame ƙwarai a kwana taran. Ta tambayi shago, ta tambayi ko mai kwalejin ya karɓi aikinsa, ta ce Yaya ta daina ba yarinyar zaƙi da yamma. Tana maganar girarta ɗaya tana ɗagawa tana sauka, hannunta mai allura yana zana abin da take faɗa a iska. Ya zauna yana kallonta. Bai zo da kyamara ba, ba a shiga da ita ɗakin, wayarsa kuma tana aljihu, ya san abin da za ta ce in ya ciro ta.

Can ta juya ido wajen taga.

“Tana kallonsa?”

“Kullum. Har gaishe shi take yi.”

“Ta gane ni?”

Wata ma'aikaciya ta shigo tana tura keken magani, ta kai hannu ta kunna fitilar ɗakin, ta ce masu ziyara saura minti biyar.

“Ta gane ki,” ya ce.